Kwana Nawa 'Yan Sanda Za Su Riƙe Mutum?

A garuruwanmu idan aka ce an kama wane yana bayan kanta, sai 'yan uwa su hau neman kuɗi da neman wanda ya san DPO. Da wuya ka ji wani ya tambaya: yau kwana nawa ke nan? Alhali wannan tambaya ita ce farkon abin da doka ta ba mu.

Tsarin Mulkin Najeriya na 1999, a sashe na 35, ya ba ɗan sanda ikon kamawa, amma bai sakar masa igiyar riƙewa ba. Wanda aka kama, dole a kai shi gaban alƙali cikin lokacin da ya dace, kuma dokar ba ta bar mu da kintace ba. In akwai kotun da ke da hurumin shari'ar a cikin nisan kilomita 40, kwana ɗaya ne. In babu, kwana biyu, ko abin da kotu da kanta ta ga ya dace. A lura, kotu aka ce, ba mai kaki ba. Yanzu ka duba Kano, ko Zariya, ko Katsina: wane caji ofis ne a cikin birni ya yi nisan kilomita 40 da kotun majistare?

Sashen ya kuma ce cikin awa 24 a sanar da mutum dalilin kama shi, a rubuce, da harshen da yake ji. Bahaushen da ba ya jin Turanci, da Hausa za a gaya masa. Yana da ikon kame bakinsa har sai ya ga lauya ko wani wanda ya zaɓa. Sai dai wanda ake zargi da laifin da hukuncinsa kisa ne, wa'adin kwana ɗaya ko biyun nan bai hau kansa ba.

To, idan bincike bai ƙare ba fa? Sai 'yan sanda su je gaban majistare su nemi izinin tsarewa. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta tarayya ta 2015 ta ce izinin farko ba ya wuce kwana 14, ƙari kuwa sai da hujja. Jihohi ma sun yi irin tata. Dokar ta tarayya ce ta hana a kama uba ko mata a madadin wanda ya gudu, ta hana kama mutum kan rikicin bashi kawai, ta kuma ɗora wa majistare zagaya ofisoshin 'yan sanda kowane wata.

Akwai wata ɗabi'a da kowa ya sani, kamun yammacin Juma'a, don mutum ya kwana uku a ciki kafin kotu ta zauna ranar Litinin. A ƙananan laifuka, ofishin na da ikon ba da beli, kuma beli kyauta ne, ko da an gaya maka akasin haka.

Saboda haka idan aka kama naka, rubuta rana da sa'a da sunan ofishin. Wa'adi na wucewa, nemi lauya ya shigar da ƙara a babbar kotu. Mara hali ya nufi Hukumar Ba da Agajin Shari'a ko Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa. Idan kotu ta tabbatar an tsare shi ba bisa ƙa'ida ba, tsarin mulki ya ba shi diyya, kuma hukumar da ta tsare shi za ta ba shi haƙuri a bainar jama'a.