Ga 'Ya'yana Masu Burin Lauyanci a Hukumomin Duniya

'Ya'yana, ku da kuka gama karatun lauya da waɗanda ke dab da gamawa, na san zukatan da yawanku sun yi gaba, sun sauka Addis Ababa ko Geneva ko New York, wasu kuma sun tsaya nan kusa, a ofishin ECOWAS da ke Abuja. Buri ne mai kyau, Allah ya cika muku. Amma kafin ku cike takardar neman aiki, ku ba ni aron kunnuwanku, mu duba tambayar da ba a cika yi ba: in an ɗauke ka, wa kake yi wa aiki?

Lauyan da ke da ofis a Kano ko Yamai ya san wanda yake karewa, mutum ne ga shi zaune a gabansa. Lauyan hukumar ƙasa da ƙasa kuwa, hukumar ce ta ba shi amana. Ƙasar da ta haife shi ba ta da iko da alƙalaminsa, haka ma maigidan da ya yi masa hanya. Sashe na 100 na kundin Majalisar Ɗinkin Duniya, wanda aka sa wa hannu a 1945, ya hana ma'aikacinta neman umarni ko karɓarsa daga kowace gwamnati, ya kuma ɗaure ƙasashe da alkawarin ba za su nemi juya shi ba. A baki abu ne mai sauƙi. Nauyinsa sai ranar da jakadan ƙasarku ya ja ka gefe bayan taro, ya ce maka "ai kai namu ne", yana son jin abin da ke cikin takardar da ba a fitar ba. Ka gaishe shi da girmansa, ka ba shi haƙuri, ka riƙe bakinka. Ko shi kansa, in mai hangen nesa ne, ya san ɗan ƙasar da duniya ta yarda da gaskiyarsa ya fi yi wa ƙasar amfani.

Ku tuna da Bakassi. Kamaru ta kai Najeriya ƙara Kotun Duniya a 1994, kotu ta yanke hukunci ranar 10 ga Oktoba 2002. Hukuncin bai tsaya a bakin teku ba, ya taɓa iyaka tun daga Tafkin Chadi, inda garuruwan masunta irin su Darak suka koma hannun Kamaru. Lauyoyin da suka tsaya wa kowace ƙasa sun yi nasu a zauren kotu. Bayansu sai aiki ya faɗo kan wasu lauyoyin da ba a jin sunansu a rediyo: Babban Sakataren Majalisar na lokacin, Kofi Annan, ya haɗa shugabannin ƙasashen biyu, Obasanjo da Paul Biya, aka kafa kwamitin haɗin gwiwa, aka rubuta yarjejeniyar Greentree a 2006, aka kammala miƙa yankin a Agustan 2008. A cikin yarjejeniyar nan akwai sharaɗin cewa ba za a tilasta wa 'yan Najeriya mazauna Bakassi tashi ko sauya ƙasa ba, kuma za a bar su da kamun kifinsu. Wani ne ya zauna ya tuna da masuncin da bai san an yi shari'a a kansa ba, ya nema masa wuri a cikin takarda. Irin wannan lauya nake so ku zama.

Kada kuma ku ɗauka kullum sai an yi zancen iyakokin ƙasashe. Mafi yawan kwanakin aikin a kan tebur suke ƙarewa: duba kwangilar sayen motoci, yarjejeniya da ƙasar da za a buɗe ofis a cikinta, dokokin gudanar da taro, ƙorafin ma'aikacin da aka sallama. Tun 2009 Majalisar na da sababbin kotunanta na cikin gida don irin wannan ƙorafi, ɗaya ma tana zama a Nairobi. Mai son tafi da jinjina zai gaji da wuri.

Abin da ya fi damuna shi ne rigar kariya. Yarjejeniyar 1946 kan kariyar Majalisar ta ce ba a kai Majalisar ƙara a kotun kowace ƙasa sai da yardarta. Akwai hikima a ciki, domin in kowace gwamnati za ta iya kama ma'aikatan hukuma ko ta rufe asusunta duk ranar da aka ɓata mata rai, aiki ba zai yiwu ba. Sai dai yarjejeniyar ba ta tsaya nan ba. Sashe na 29 ya wajabta wa Majalisar ta tanadi hanyar sauraron mutanen da ke da haƙƙi a kanta, sashe na 20 kuma ya ɗora wa Babban Sakatare cire kariyar ma'aikaci in za ta tare hanyar adalci. Wato an rufe ƙofar kotu ne bisa alkawarin za a buɗe wata.

A Haiti ba a buɗe ba. A 2010 kwalara ta ɓarke a ƙasar, bincike ya danganta ta da ƙazantar da ta fita daga sansanin dakarun wanzar da zaman lafiya da suka zo daga Nepal, ta shiga kogin da jama'a ke sha. Fiye da mutum 9,000 suka rasu. Kimanin mutum 5,000 suka nemi diyya a 2011, a 2013 aka amsa musu cewa ba za a saurari buƙatarsu ba. Suka tafi kotun Amurka, kotu ta ce kariya ta hana. Sai a Disambar 2016 Babban Sakatare na lokacin, Ban Ki-moon, ya fito ya nemi gafarar mutanen Haiti. Ba na cewa lauyoyin da suka ba da waccan shawara miyagu ne. Suna tsoron kada a buɗe ƙofar da ba za ta rufu ba, kuma tsoro ne mai tushe. Amma a ganina sun kare asusun hukumar, suka bar mutuncinta ya zube, alhali da mutuncin nan take shiga ƙasashe ana buɗe mata ƙofa. In ranar irin wannan ta riske ku, ku rubuta abin da doka ta ce cikakke, da ɓangaren da zai yi wa shugabanni daɗi da wanda ba zai yi ba. Hukunci nasu ne, mai yiwuwa su ƙi ɗauka. Amma matar da ta binne ɗanta ba ta da kujera a ɗakin taron, kuma in lauya bai ambace ta ba, da wuya wani ya yi.

Game da shiri, ku fara daga gida. Shekarun da za ku yi kuna kai da komo a kotu ko ma'aikatar shari'a ba asara ba ce, su ake tambaya. Ku karanta hukunce-hukuncen kotun ECOWAS, musamman na Hadijatou Mani a 2008, inda kotun ta samu gwamnatin Nijar da gazawa wajen kare ta daga bauta, ta kuma umarci a biya ta sefa miliyan 10. Ku sani yawancin ayyukan nan na wa'adi ne, shekara ɗaya ko biyu a sabunta ko kada a sabunta, don haka ku yi shawara da iyalinku tun kafin tafiya. Majalisar ba ta karɓar ko sisi daga mai neman aiki, duk wanda ya ce ku biya kuɗin fom ko na ganawa ɗan damfara ne.

Sannan harshe. Turanci da Faransanci su ne harsunan aiki a sakatariyar Majalisar da Kotun Duniya, kuma da wuya a yi aiki mai nisa a ECOWAS ko Hukumar Tafkin Chadi da ke Njamena da guda ɗaya kawai. Mu a nan Allah ya sauƙaƙa mana. Ɗan Katsina ya je Maraɗi ya zauna wata shida, ɗan Damagaram ya zo Kano, kowa ya sauka wajen dangi, ya nemi malami, ya dage har sai ya iya karanta hukuncin kotu da harshen nan na biyu ba tare da tafinta ba.