Amsoshin Tambayoyinku: Yadda Ginin Majalisar Jamus Ya Rage Cin Makamashi

Wani mai sauraro ya aiko yana son sanin ko tsohon ginin gwamnati zai iya rage cin makamashi ba tare da an ɓata siffarsa ta tarihi ba.

Zai iya, kuma ginin Reichstag da ke Berlin, mazaunin majalisar dokokin Jamus, shaida ne. An kammala shi a 1894, gobara ta ci zaurensa a 1933, sannan mai zanen gine-gine ɗan Birtaniya, Norman Foster, ya jagoranci sabunta shi, aka bar katangunsa na dutse yadda suke, har majalisa ta koma cikinsa a 1999.

Gwanintar aikin tana cikin kubbar gilashin da aka ɗora a samansa, wadda a tsakiyarta akwai ginshiƙi mai siffar mazurari, lulluɓe da madubai 360, waɗanda ke karkato hasken rana zuwa zauren majalisa domin a rage kunna fitilu, yayin da wata garkuwa mai bin tafiyar rana ke tare ƙyalli da zafi. Ta cikin wannan mazurarin ne kuma iska mai ɗumi ke ficewa sama.

An tsara injinan ginin ne domin su ƙona man da aka tace daga tsirrai, su ba da lantarki da zafi lokaci guda, rarar zafin kuwa a tura shi cikin ruwan ƙarƙashin ƙasa, a zurfin kimanin mita 300, inda zai zauna a ajiye har lokacin hunturu, sai a jawo shi a ɗumama ɗakuna.