Kafin Ka Sayi Injin Corolla, Ka Karanta Lambarsa

Corolla ta 2003 zuwa 2008 tana cikin motocin da suka cika titunan Kano, Kaduna da Abuja, kuma yawancinsu yanzu sun ba shekara goma sha biyar baya. Idan inji ya buga, ko ya fara shan baƙin mai fiye da kima, mai mota yakan ɗauki bakanike su nufi Ƙofar Ruwa ko Panteka, ya ce a ba shi "injin Corolla". A nan ake fara tafka asara. Yawancin injinan da ake samu a wannan mota a nan dangi guda ne da ake kira ZZ, amma iri huɗu ne, kuma kama da wane ba ta wane. Shawarata ita ce kada ka miƙa ko sisi sai ka san lambar injin da ke motarka, ka kuma karanta lambar wanda za a sayar maka da idonka.

Su wane ne 'yan gidan?

Dukkansu masu silinda huɗu ne da bawul 16, jikinsu na alminiyam, kuma sarƙa ce ke riƙe da taimin ɗinsu a maimakon bel. Bambancin yana ciki.

Na farko shi ne 1ZZ-FE, mai lita 1.8, wato cc 1,794. Shi ne ke cikin Corolla da ake shigowa da ita daga Amurka da Kanada, da Matrix, da Pontiac Vibe, da wasu Avensis. Faɗin silindarsa milimita 79 ne, fistan kuma na tafiyar milimita 91.5 sama da ƙasa. Doguwar tafiyar nan ce ke ba shi ƙarfin ja tun daga ƙasa, ba sai an matse totur ba. Na 1998 da 1999 ba su da VVT-i, na'urar da ke sauya lokacin buɗewar bawul, ƙarfinsu doki 120 ne. Daga 2000 aka saka masa ita, kuma na 2003 ya kai doki 130.

Na biyu da na uku 'yan Turai ne. 3ZZ-FE lita 1.6 ne, cc 1,598, ƙarfinsa kusan doki 110. 4ZZ-FE lita 1.4 ne, cc 1,398, bai cika doki 100 ba. Faɗin silindarsu daidai yake da na 1ZZ, milimita 79, tafiyar fistan kawai aka rage: 81.5 a 3ZZ, 71.3 a 4ZZ. Shi ya sa idan aka jera su a ƙasan shago, sun sha ƙura da maiƙo, ko bakaniken da ya daɗe a sana'a zai iya ɗaukar ƙarami a matsayin babba.

Na huɗu, 2ZZ-GE, shi ne ya fita daban. Toyota da Yamaha suka haɗa hannu suka ƙera shi don gudu. Shi ma lita 1.8 ne, cc 1,796, amma silindarsa ta fi faɗi, milimita 82, tafiyar fistan kuma 85. Idan juyin inji ya haura wajen 6,000 a minti, sai bawul su ƙara buɗewa, ƙarfi ya tashi har kusan doki 180 a Celica GT-S. Ana samunsa a Corolla XRS da Matrix XRS da Vibe GT, galibi da giyar hannu mai lamba shida.

Inda za ka duba

Fara da motarka. A jikin farantin ƙarfe ko takardar da ke manne a ƙarƙashin bonet ko a gefen ƙofa akwai lambar samfuri. A Corolla ta wannan zamani, ZZE120 na nufin 4ZZ, ZZE121 na nufin 3ZZ, ZZE122 da ZZE130 na nufin 1ZZ, ZZE123 kuma 2ZZ. Idan ka ga lambar ta fara da NZE, injinka ba ɗan wannan gida ba ne kwata-kwata, kada ka bari a ce maka duk ɗaya ne.

Sai injin da ake tallata maka. Kada ka dogara da murfin roba na sama, domin ana cire shi daga wannan a ɗora wa wancan cikin minti ɗaya. Ainihin lambar a daƙe take a jikin bulok, ta wajen da inji ke haɗuwa da giya. Wurin kan toshe da datti. Ka sa a goge da tsumma da ɗan fetur, ka haska da fitilar wayarka, ka karanta harafi bayan harafi, ka ɗauki hoto. Idan ka ga alamar an kankare wurin ko an sake buga lamba, ka yi sallama ka wuce shago na gaba.

Shekara ma tana da muhimmanci

Ko da lambar ta zo daidai, 1ZZ na 1999 da na 2007 ba su zama ɗaya ba. Wanda ba shi da VVT-i idan aka saka shi a motar 2003, ƙwaƙwalwar motar za ta yi ta neman na'urar da babu ita, fitilar gargaɗi ta kama ta ƙi mutuwa. Haka kuma Corolla ta Amurka ta 2003 da 2004 da igiyar ƙarfe totur ɗinta ke aiki, daga 2005 aka mayar da shi na lantarki. Idan ka sami inji mai kyau amma totur ɗinsa ya saɓa da na motarka, bakanike ya ɗauko na tsohon injinka da abin da ke tare da shi ya mayar. Kada a yanka wayoyi a yi ta dabara.

Ƙwaƙwalwar mota kuwa an tsara ta ne da girman injin da ta zo da shi. Mai Corolla 1.4 da ke son ya koma 1.8 zai buƙaci ƙwaƙwalwar 1.8 ɗin, kuma a motocin Turai makulli a ɗaure yake da ƙwaƙwalwa, sai an haɗa su kafin mota ta tashi. Wannan ƙarin kuɗi ne da ya kamata ka lissafa tun a gida. Abin da ya fi ciwo shi ne a karɓi kuɗin 1.8 a ɗora maka 1.4. Ba za ka gane ba sai ranar da ka cika mota da iyali, ka kunna na'urar sanyi, ka tunkari hawan Jos.

Aibin da aka san gidan da shi

Injinan farko na wannan dangi sun yi suna wajen shan baƙin mai. Ƙananan ramukan da ke jikin fistan, waɗanda mai ke bi ya koma ƙasa, suna toshewa da ƙonannen mai, ringi ya maƙale, mai ya haura yana ƙonewa tare da fetur. Toyota ta gyara tsarin fistan daga baya, don haka in da hali ka nemi na 2005 zuwa sama. Wasu wurare biyu da suka saba yoyo su ne robar abin da ke ɗaure sarƙar taimin, inda mai ke tsattsafowa, da gasket ɗin bututun iska, inda iska ke shiga ta ɓarauniyar hanya har mota ta riƙa rawa a tsaye. Dukkansu gyara ne mai sauƙi, kuma ya fi arha a yi shi tun inji na ƙasa.

Game da 2ZZ, ina ba direban haya da mai iyali shawara su bar shi. Matsinsa 11.5 ne, na 1ZZ kuma 10, saboda haka yana son fetur mai inganci sosai. Bangon silindarsa ba a yi shi don a riƙa gogewa a faɗaɗa ba, kayansa kuma ba ko'ina ake samu ba. Ƙarfin nasa ma sai a juyin da ba za ka kai ba a cunkoson gari.

Gwaji kafin biya

Buɗe murfin zuba mai ka leƙa. Launin ruwan zuma ko ɗan ja-ja ba laifi ba ne, amma baƙin dasƙararren maiƙo alama ce ta injin da aka hana juye. Ka sa a kwance fulogi huɗun a jera su. Wanda ya jiƙe da mai ko ya yi farin tauri a baki yana faɗa maka halin silindarsa. A sa sifana a juya inji da hannu, ya zagaya ba tare da cijewa ba. Ka nemi rasit mai ɗauke da lambar injin da kwanakin garanti a rubuce. Rasit ɗin zai yi maka amfani wajen gyara takardun mota, da kuma a shingen 'yan sanda. Da zarar an ɗora, a gwada matsin kowace silinda tun garanti bai ƙare ba. Idan ɗaya ta gaza sauran da fiye da kashi 10 cikin 100, ka mayar.

Bayan an ɗora

Baƙin mai 5W-30 aka tsara wa injin, kusan lita 4. VVT-i da matsin mai take aiki ta siraran hanyoyi, kuma mai kauri irin 20W-50 ba shi aka rubuta masa ba, ko da an ce maka ƙasarmu da zafi. Saboda ƙurar hunturu da tsayuwar cunkoso, ka yi juye da sabuwar filta duk kilomita 5,000, ka riƙa zaro geji kowane mako. Kada ka yarda a cire tamostat ko a haɗa fanka kai tsaye. A lagireto ka zuba ruwan sanyaya inji na gaske, domin ruwan famfo yana cin alminiyam, kuma zafi ɗaya mai tsanani ya isa ya lanƙwasa kan silinda.

Idan lamba ta dace, shekara ta dace, mai kuma ya dace, 1ZZ inji ne mai haƙuri da zai daɗe yana yi maka aiki. Ka ajiye hoton lambar da rasit tare da takardun motarka, ka rubuta ranar juye na farko, daga nan ka ci gaba da ƙirga.