Gushewar harshe sannu a hankali: lantarki a ƙwaƙwalwa da aikin masanin harshe

Gabatarwa

Ɗalibin ilimin harsuna yakan fara jin labarin afaziya, wato gushewar harshe, daga aikin Paul Broca na shekarar 1861 a Faransa. Galibi shanyewar ɓarin jiki ce ke haddasa ta farat ɗaya. Amma akwai wani nau'i da ke shigowa a hankali. A 1982 likita Marsel Mesulam a Amurka ya bayyana majinyata shida waɗanda harshensu ke zubewa shekara bayan shekara, alhali suna gane mutane, suna kuma tafiyar da harkokinsu. Dalili shi ne mutuwar ƙwayoyin ƙwaƙwalwa a sassan harshe, yawanci a ɓangaren hagu. Har yau babu maganin da ke tsayar da ciwon.

Rabe-raben ciwon

A 2011 masana suka amince da raba shi gida uku, kuma ma'aunin rabon na ilimin harsuna ne. Na farko yana taɓa furuci da ginin jimla: magana ta yi nauyi, ƙananan kalmomin nahawu su zube. Da a Hausa ne, sai a ji “yaro… kasuwa… tafi” maimakon “yaro ya tafi kasuwa”. Na biyu yana cin ma'ana: magana na gudana sumul, amma raƙumi da jaki duk sun koma “dabba”, daga baya mutum ya tambaya, “Mene ne raƙumi?” Na uku yana hana lalubo kalma da maimaita doguwar jimla, ko da yake ma'anar kalmomi tana nan daram.

Yadda lantarkin ke aiki

Hanyar da aka fi gwadawa ita ce wadda ake taƙaita sunanta da tDCS. Ana ɗora soso biyu masu danshin ruwan gishiri a fatar kai, a saki lantarki mai rauni ƙwarai, miliyamfa 1 zuwa 2, na kimanin minti 20. Wannan lantarki bai isa ya sa ƙwayar jijiya ta aika saƙo da kanta ba. Abin da yake yi shi ne sauƙaƙa mata amsawa idan aiki ya zo. Saboda haka ake haɗa shi da atisayen harshe a zama guda. Lantarkin yana tausasa ƙasa ne kawai. Irin da za a shuka yana hannun mai koyarwa.

A jami'ar Johns Hopkins ta Baltimore, Kyrana Tsapkini da abokan aikinta sun wallafa wani gwaji a 2018 kan majinyata 36. Kowane ya yi zama 15 na ambaton sunayen hotuna da rubuta su, sau ɗaya da lantarki na gaske a sashen gaba na hagu, sau ɗaya da na kwaikwayo. Lantarki na gaske ya fi amfani: ribar ta kai wata biyu, ta kuma tsallaka zuwa kalmomin da ba a yi atisayensu ba. Sai dai masu ciwon ma'ana ba su samu wannan fifiko ba. Gwaje-gwajen irin wannan ƙanana ne, kuma ciwon yana ci gaba. Abin da ake nema shi ne ƙarin lokacin da mutum zai yi yana magana da iyalinsa.

Rabon masanin harshe

Hukuncin “ya yi amfani” ya dogara ne kan jerin kalmomi biyu: waɗanda aka koyar da waɗanda ba a koyar ba. Dole su yi daidai a yawan gaɓoɓi, da yawan aukuwa a magana, da ajin nahawu. Idan jeri ɗaya ya fi sauƙi, sai a yaba wa na'ura abin da ba ta yi ba.

Fassara jerin Faransanci ba ta wadatar da Bahaushe. Rubutun boko ba ya nuna karin sauti da tsawon wasali, shi ya sa “fari” na launi da “fari” na rashin ruwa suke kama ɗaya a takarda. Gwajin rubutu ba zai kama kuskuren kari ba. Jam'i ma ba hanya ɗaya yake bi ba: gida, gidaje, raƙumi, raƙuma, mace, mata. Ga kuma bambancin karin harshe: wanda ya ce “hwari” ko “shi tahi” bai yi kuskure ba, Hausar garinsu ya yi. Sannan dattijo da yawa ajami suka sani, wasu kuma ba su rubutu sam.

Kammalawa

Na'urar aikin likitoci ce, ba abin gwadawa a gida ba. Amma tattara kalmomin Hausa na yau da kullum, da ƙididdige yawan aukuwarsu, da tantance hotunan da manomin Tibiri ko ƴar kasuwar Damagaram za su gane nan take, aiki ne da ɗalibin da ke neman batun kundin digiri zai iya farawa a bana.