Amsoshin Tambayoyinku: Wa ke da ikon tsara gari?

Wani mai sauraronmu daga Tozai, cikin ƙaramar hukumar Illela ta Jihar Sakkwato, ya aiko da gaisuwa, yana tambaya ko gwamnati na da wata doka game da tsara gari, domin ya ga gine-gine na cin hanya da burtali.

To, Malam, Allah ya saka da alheri. Dokar filaye ta shekarar 1978 ta danƙa ƙasar kowace jiha amana a hannun gwamna, ta kuma bar wa ƙaramar hukuma ikon ba da izinin filayen karkara. Dokar tsara birane ta 1992 kuwa ta wajabta neman izini kafin a aza tubali. Abin nufi da tsara gari shi ne a keɓe hanya da magudanar ruwa da kasuwa da maƙabarta tun gidaje ba su cunkushe ba, domin duk wanda ya ga yadda ruwan damina ke kwanciya a lungu har ya jiƙe gindin katangar ƙasa, ya san hikimar wannan umarni.

Al'amarin kuma yana da asali a wurinmu. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kafa ribaɗi irin na Wurno bisa tsari, malaman fiƙihu kuma sun daɗe da hukunta cewa hanya haƙƙin jama'a ce, rijiya tana da hurumi, kuma ba ya halatta mutum ya cutar da maƙwabcinsa da gini.

Saboda haka, Malam, ku haɗu da hakimi da dattawa, ku kai kukanku sashen filaye na ƙaramar hukumar Illela tun ana kan harsashi.