Darasin Lissafin Yiwuwa Daga Allon Wasan Risk

'Yan'uwana ɗalibai, musamman waɗanda kwas ɗin ƙididdiga ke jira a wannan zango, ku matso. Ni ma na sha kashi a hannunsa. A shekarata ta farko ya kayar da ni, na ɗauki kari-oba, kuma babin lissafin yiwuwa ne ya yi mini illar. Abin da ya buɗe mini kai daga baya wani tsohon wasa ne mai suna Risk, wanda abokin ɗakinmu ya tsinto a wajen masu gwanjo, kwalin duk ya yage.

Ga wanda bai taɓa ganinsa ba: allo ne mai taswirar duniya, an raba ta yankuna 42 a nahiyoyi shida. Kowa na da sojojinsa na roba, burin kowa ya cinye na sauran. Wani Bafaranshe mai shirya fina-finai, Albert Lamorisse, shi ya ƙirƙiro shi a 1957, kamfanin Parker Brothers ya fitar da shi a Amurka a 1959. Yaƙi a kan tebur kuwa ya girme shi nesa ba kusa ba, don tun 1824 hafsoshin Farushiya, a Jamus ta yau, suka karɓi irinsa don koyon dabarun yaƙi. Kada ma ka wahalar da kanka neman Najeriya a allon. An cusa mu cikin yankin da suka kira Afirka ta Arewa, abin da har yau yake ba ni haushi.

Yaƙin da dayis ake yinsa, irin na lido. Mai kai hari yana iya jefa har uku, mai tsaron gida har biyu. Sai a gwada babbar lambar wannan da babbar ta wancan, ta biyu da ta biyu. Wanda tasa ta gaza ya rasa soja ɗaya. In aka yi kunnen doki, mai gida ne ya ci. Ka riƙe wannan ƙa'idar da kyau, duk lissafin a kanta ya rataya.

Mu fara da mai sauƙi, ɗaya da ɗaya. Dayis ɗinka fuska shida, nasa shida, shida sau shida 36 ke nan, su ne duk hanyoyin da jifar za ta iya faɗuwa. A cikinsu guda 6 kunnen doki ne: ɗaya da ɗaya, biyu da biyu, har zuwa shida da shida. Saura 30, kuma babu dalilin da zai sa ɗayanku ya fi ɗaya, don haka 15 naka, 15 nasa. To amma kunnen dokin nan shida nasa ne. Ya tashi da 21, kai kana da 15. Wato kashi 42 cikin ɗari kawai gare ka. Da ido sai ka rantse raba-daidai ne.

Yanzu ƙara dayis ɗaya, kai biyu shi ɗaya. Hanyoyi sun zama 216. A nan dabarar da ta gagare ni a jarrabawa take: maimakon ka ƙirga hanyoyin da za ka ci, ƙirga waɗanda za ka faɗi, sannan ka ɗebe. Yaushe za ka faɗi? Sai in duka biyun naka ba su wuce nasa ba. In ya jefa ɗaya, hanya 1 ce tak, kai ma ka jefa ɗaya da ɗaya. In ya jefa biyu, kowane naka na iya zama ɗaya ko biyu, hanya 4. In uku ne, 9. Haka za ka bi, 16, 25, 36. Tara su, 91. Ɗebe daga 216, saura 125, kusan kashi 58 cikin ɗari. Dayis ɗaya kacal ka ƙara, ka tashi daga mai rauni ka koma mai rinjaye. Wallahi ranar da na gano wannan a bayan wata takardar lacca, da fitilar waya saboda an ɗauke wuta, sai da na tashi abokin ɗakina daga barci. Bai ji daɗi ba.

Babban karo shi ne uku da biyu. Hanyoyinsa 7,776 ne, ba zan jera muku su ba, mai kwamfuta ya gwada da Excel. A 2,890 mai hari ya kashe sojoji biyu, a 2,275 shi ya rasa biyu, a 2,611 kowa ya rasa ɗaya. In aka yi jifa ɗari, mai gida zai rasa wajen sojoji 108, mai hari wajen 92. Rinjaye ne, amma siriri, kuma sai an daɗe ana jifa yake fitowa fili. Da zarar sojojinka sun ragu har ba ka iya jefa uku (sai kana da huɗu a yankin, don dole ɗaya ya tsare gida), rinjayen ya gudu. In ka kai ga jefa ɗaya a kan biyunsa, 55 cikin 216 gare ka, kashi ɗaya cikin huɗu da ɗan ɗoriya.

Sanin wannan bai hana ni yin wauta ba. Wani daren Asabar na ƙulla amana da wani abokina cewa ba zan taɓa shi ba, shi ma haka. Da na juya baya ya shigo mini Masar. Zuciya ta ɗebe ni, na bi shi da hari, na faɗi sau uku a jere, na ce ai na huɗun dole nawa ne. Dayis bai san abin da ya faru a jifar baya ba. Kowace jifa sabuwa ce fil, abin da malaminmu ya yi ta nanatawa ina gyangyaɗi. Na ƙarar da rundunata a kan yanki ɗaya, na uku a cikinmu da ya yi shiru a Ostareliya ya fito ya share mu duka. Kwana biyu ba mu yi magana da abokin nan ba, a kan sojan roba fa! Tun daga nan muka sa doka: ba a sa ko sisi a wasan, kuma duk amanar da aka ƙulla a allo, a allo take mutuwa.

Shi wancan na Ostareliya ma lissafi ya yi. Yankuna huɗu ne, ƙofa ɗaya ta wajen Siyam, ladan sojoji biyu duk zagaye. Asiya na ba da bakwai, amma yankuna 12 ne, ƙofofi ta ko'ina, ban taɓa ganin wanda ya riƙe ta zagaye biyu a ɗakinmu ba. Afirka na ba da uku, ƙofofinta uku. Ni dai ita nake kamawa, don kishi, kuma ina shan wahala a kanta.

Kari-oban na rubuta shi na wuce. Ga aikin gida ga mai so: kai dayis uku, shi ɗaya. Hanyoyi 1,296 ne. Bi dabarar ɗebewa, sai dai wannan karon kowace lamba za ka ninka ta da kanta sau uku, 1, 8, 27, har zuwa 216. In amsarka ta kusa kashi 66 cikin ɗari, ka kama hanya. In ba ta kusa ba, same mu ranar Asabar bayan Isha'i a ɗakin hutun hostal, muna neman mutum na biyar, amma ka zo da dayis ɗinka don namu ɗaya ya ɓata.