Ƙaramin jirgin katako mai tafiya da iska

Daga Ƙaramar Kasuwa ta Yamai zuwa bakin kogin Isa ba nisa. Da Faransanci ana ce wa wannan kasuwa Petit Marché, Zabarmawa kuwa suna ce mata Habu Ganda. Shekara da shekaru nan mutanen birni suke sayen kayan miya, da kifi, da nama, da ƴaƴan itace, har shekara ta 2012 da gobara ta cinye ta. A kewayenta a lokacin akwai masu sayar wa baƙi aikin hannu: jakunkunan fata, da zobban azurfa, da kayan sassaƙa. Cikin kayan sassaƙar nan akan tarar da ɗan jirgin ruwa wanda tsawonsa bai wuce taƙi biyu ba.

Daga guntun itace ɗaya masassaƙi yake fid da irin wannan jirgi. Ya rarake cikinsa, ya fiƙe goshi da baya, shi ke nan. Haka mutanen da suke yin manyan jiragensu: gungume ɗaya, jirgi ɗaya. A shekara ta 1987 wani makiyayi yana haƙa rijiya a Dufuna, cikin jihar Yobe ta Najeriya, ya ci karo da irin wannan jirgi a ƙarƙashin ƙasa. Tsawonsa mita 8 da santimita 40, ya kuma yi wajen shekara 8000. Amma manyan itatuwa sun yi wuya yanzu. Jiragen da ke sauke kabewa kusa da gadar Kennedy yawancinsu na haɗi ne, wato allunan katako aka jera, aka buga ƙusa, aka toshe kafofi. Ƙaramin jirgi ma ana yinsa ta wannan hanya ta biyu, ita ce kuwa ta fi wuya.

Jirgi a cikin kwali

A ƙasashen Turai, da Amurka, da Japan, akwai mutanen da suka mai da haɗa ƙananan jirage abin ɗebe kewa. Ba yara kaɗai ba, dattawa ma sun fi yawa. Mutum yakan sayi kwali guda a kanti. In ya buɗe ba zai ga jirgi ba. Zai ga faifayen katako da aka riga aka yanka, da damin siraran katako kamar tsinken tsintsiya, da ƙananan ƙusoshin tagulla, da zare iri-iri, da farin ƙyalle, da manyan takardu masu zanen jirgin. Kamfanonin Italiya, da Sifen, da Danmak sun yi suna wajen yin waɗannan kwalaye.

Jiragen da ake kwaikwaya na zamanin da ne, masu tafiya da iska, ba da inji ba. Ana kafa musu dogayen ginshiƙai, a ɗaura manyan zannuwa, iska ta cika zannuwan ta tura jirgi. A wannan darasi za a kira su zanen iska. Akwai Santa Maria, wanda Kolombus ya ƙetare teku da shi a 1492. Akwai Cutty Sark na 1869, mai ɗauko ganyen shayi daga Sin zuwa Ingila. Akwai kuma Victory, jirgin yaƙin Ingila mai igwa fiye da 100, wanda ya yi yaƙin Tarafalga a 1805. Mai haɗa Victory yakan yi shekara ɗaya ko biyu yana fama, don igiyoyinsa kawai sun isa su cinye watanni.

Irin wannan kwali yana da tsada, ba kuma kayan kasuwannin Yamai ba ne. To, me ke cikinsa wanda ba a samu a gida? Katako akwai, zare akwai, ƙyalle akwai. Abin da mai saye ya biya da kuɗinsa shi ne awo: wani ya riga ya auna masa kome. Wanda ya iya lissafi yana iya yin awon da kansa.

Awon ragi

Ƙaramin jirgi na ƙwarai ba a yinsa da ka. Ana ɗaukar kowane awo na babban jirgi a raba shi da lamba ɗaya tak. In an raba tsawo da 40, tilas a raba faɗi da 40, da zurfi, da tsayin ginshiƙi, har da kaurin igiya. Ana rubuta wannan haka: 1/40, a karanta ɗaya bisa arba'in. Irin lissafin da ke ƙasan taswirar aji ke nan.

Ga wani jirgi mai zanen iska da ya taɓa bin kogin Isa, wanda za a gwada lissafin da shi. A shekarar yaƙin Tarafalga, 1805, wani likita mutumin Sikotlan, Mungo Park, ya iso Sansandin cikin ƙasar Mali ta yau. Yana so ya bi kogin ya ga inda ya ƙare. Yawancin mutanen da suka taho tare da shi zazzaɓi da atuni sun kashe su a hanya. Sarkin Segu, Mansong, ya ba shi jirage, amma kowanne da ruɓaɓɓen gefe. Sai shi da wani soja ɗaya suka yanke ruɓar, suka haɗa rabi biyu masu kyau. Kwana 18 suka yi suna aikin. Suka sa wa jirgin suna Joliba, wato sunan kogin a bakin Bambara, suka yi masa rumfa da fatun shanu don tare kibau da masu.

Jirgin ya tashi a watan Nuwamba. Ya wuce mashigar Tumbutu, ya wuce Gawo, ya gangaro ta gaban inda birnin Yamai yake a yau, ya kai Yawuri. Tafiyar ba ta yi kyau ba. Mungo Park bai cika tsayawa ya gai da sarakunan bakin kogi ba, ya kuma yi ta harbin jiragen da suka matso kusa da shi. Baƙon da ya shiga ruwan mutane haka, da wuya ya fita lafiya. A farkon 1806 jirgin ya maƙale a duwatsun Busa, ƙasa da Yawuri, can Mungo Park ya halaka.

Awon Joliba yana cikin littafin tafiyarsa. Tsawo wajen mita 12, faɗi mita 1 da santimita 80. Gindinsa shimfiɗaɗɗe ne, in an yi masa lodi santimita 30 kawai yake nutsewa. A awon 1/40, sai a mai da kome santimita tukuna. 1200 a raba da 40, an sami 30. 180 a raba da 40, an sami 4 da rabi. Ke nan ƙaramin Joliba zai yi tsawon santimita 30, daidai da abin ja layi na ɗalibi, faɗinsa kuwa santimita 4 da rabi. Mutum mai tsayin santimita 160 zai koma santimita 4, kamar tsinken ashana. Igiya mai kaurin santimita 2 za ta koma rabin milimita, wato zaren ɗinki. Wanda ya ɗaura igiyar rama a kan wannan ɗan jirgi ya ɓata shi, don a ido za ta zama kamar kututturen giginya.

Yadda ake haɗi

Kayan aiki ba su da yawa: tsohon akwatin katako marar kauri irin na shayi ko na ƴaƴan itace, guntayen da kafinta ya zubar, ƙaramin zarto, wuƙa mai kaifi, farin gam na kafinta, allurai, da takarda mai yashi ta goge katako. Yankan wuƙa sai a gaban malam, a kan allo, bakin wuƙar yana kallon waje.

Da fari a zana jirgin a takarda sau biyu: yadda ake ganinsa daga sama, da yadda ake ganinsa daga gefe. Sa'an nan a yanka allon gindi, tsawon santimita 30, mai tsini gaba da baya, a ja masa layi a tsakiya. A kan wannan layi za a kafa haƙarƙari, wato ƴan faifayen da ke riƙe da siffar jirgi. Biyar sun isa. Na tsakiya shi ne babba, faɗinsa a sama santimita 4 da rabi, tsayinsa santimita 2. Sauran suna raguwa zuwa goshi da baya. Don dama da hagu su zo daidai, sai a ninka takarda biyu, a zana rabin haƙarƙarin a bakin ninkin, a yanka, a buɗe. Kowane haƙarƙari ya tsaya cak, kada ya kishingiɗa. Kwalin ashana da aka jingina masa yana nuna ko ya miƙe. A bar gam ya kwana.

Jera allunan gefe shi ne wurin da ake gane mai haƙuri. A tsaga katako siri-siri, faɗin milimita 5, kaurin milimita 1. Tsagin gora ma yana yi. Busasshen katako ba ya lanƙwasa, karyewa yake yi. Saboda haka a jiƙa shi a ruwan zafi kamar rabin awa, a kwantar da shi a jikin haƙarƙari, a kafe da allurai, a bari ya bushe a haka. Bayan ya bushe ne ake sa gam. Dalili kuwa, jiƙaƙƙen katako yana kumbura, in ya bushe ya tsuke. Wanda ya manna shi da danshi zai wayi gari ya ga kafa tsakanin allo da allo, balle da hunturu, lokacin da iskar Yamai take busar da kome nan da nan.

Ba a gama gefe ɗaya sa'an nan a koma ɗayan. Allo ɗaya a dama, allo ɗaya a hagu, haka har sama. Kowane allo da aka lanƙwasa yana ja, yana so ya miƙe. In duka suna gefe ɗaya, sai su rinjayi gindin, jirgi ya karkace kamar ayaba, ba kuwa gyara sai a ɓamɓare. Akwai wani abu kuma. Cikin jirgi ya fi goshinsa faɗi, amma yawan allunan ɗaya ne. Tilas a rage faɗin kowane allo wajen bakinsa biyu, kaɗan-kaɗan, da takarda mai yashi. Masu haɗa Victory ma a nan suke shan wuya.

Sauran aikin mai sauƙi ne. Garin katako da gam suna toshe kafa. A goge, a shafa fenti. Ginshiƙi na tsinken gora ne, zanen iska na tsohuwar farar riga da aka tsoma a ruwan shayi don farin ya dushe. A ja zare a kan kakin zuma kafin a ɗaura, gashinsa zai kwanta, ƙura ba za ta kama shi sosai ba. Guntun fata daga wurin baduku ya isa rumfa.

Me ya sa yake kifewa?

Jiragen kwali na ajiya ne, ba a sa su a ruwa. Amma ɗalibin da ya gama nasa zai so ya gwada. A daro ake gwaji, ba a kogi ba, inda akwai zurfi, da dorina, da tsargiya. Jirgin zai yi iyo sarai. Da an hura masa iska kaɗan, sai ya kwanta a gefe. Ba laifin mai haɗi ba ne, lissafi ne.

Zanen iska yana da tsawo da faɗi. An rage kowanne sau 40, don haka filinsa ya ragu sau 40 × 40, wato 1600. Jikin jirgi kuwa yana da tsawo, da faɗi, da zurfi. Nauyinsa ya ragu sau 40 × 40 × 40, wato 64000. Nauyin da ke riƙe jirgi ya ragu ƙwarai fiye da zanen da iska ke turawa, ita kuwa iskar ba wanda ya rage ta. Maganin abin shi ne a manna ƙusoshi biyu ko uku a can ƙasan ciki, a kan layin tsakiya, a kuma rage zanen. Manyan jiragen teku ma sukan zuba duwatsu ko ƙarfe a ƙasan cikinsu saboda wannan dalili.

Tambayoyi da aiki

1. Mene ne bambancin jirgin sassaƙa da jirgin haɗi?
2. Don me ba a sa gam a kan jiƙaƙƙen katako?
3. Jirgin Dufuna yana da tsawon mita 8 da santimita 40. Nawa ne tsawonsa a awon 1/20?
4. A awon 1/10, sau nawa filin zanen iska zai ragu? Nauyin jirgi fa?
5. A nemo Segu, da Tumbutu, da Gawo, da Yamai, da Gaya, da Yawuri a taswira, a bi hanyar Joliba da yatsa.
6. A auna tsawon aji da faɗinsa, a zana shi a awon 1/100.